Ɗalibi da Mai Ɗaukar Nauyinsa: Tarihin Neman Babbar Makaranta a Ƙasar Gumel

Kowace shekara, tun daga tsakiyar hunturu har damina ta kankama, yaron da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Sule Tankarkar yana fama da nema iri biyu. Na farko shi ne neman gurbi a jami'a ko wata babbar makaranta, na biyu kuwa neman wanda zai ɗauki nauyin karatun in gurbin ya samu. Cikin sanyi ya ke yin rajistar jarrabawar JAMB, ya zauna mata cikin bazara, sa'an nan jarrabawar fita ta WAEC da ta NECO su riske shi sa'ad da iyayensa ke shuka da noman fari, watau daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya yi wuyar gani a ƙauye. Mai karatu zai iya zaton haka abin ya ke tun fil'azal, alhali kuwa a zamanin kakan wannan yaro hukuma ce ta ke bin yaro gida gida tana nemansa, ta ci da shi, ta tufasar da shi, har ta ba shi kuɗin kashewa.

Nufin wannan maƙala shi ne a bi sawun yadda neman ya juya, a ga wa ke neman wani a kowane zamani, wa kuma ke biya. Za a yi haka ta duban abubuwan da suka faru, da kuma kalmomin da Hausawa suka riƙa faɗin abin da su, gama sau da yawa harshe ya kan adana abin da takardun ofis suka manta.

Ƙasar da a ke magana a kanta

Sule Tankarkar ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, sauran su ne Gumel da Maigatari da Gagarawa. Tana arewacin Jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Nijar, kuma ƙasar manoma ce da makiyaya. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 130,000, a warwatse cikin garuruwa irin su Danzomo da Jeke da Danladi da ƙauyuka masu yawa. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin nomansu, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kuwa nan a ke kai dabba in buƙata ta taso.

Sarautar Gumel ta Mangawa ce, ta kahu tun wajen tsakiyar ƙarni na 18, tana bin Barno, ba ta kuwa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Da Turawa suka zo cikin 1903 sai suka sa ta cikin Lardin Kano, amma da En'enta da baitulmalinta. Wannan abu yana da muhimmanci ga zancen da ke gaba, domin a zamanin Turawa yawan makarantun ƙasa da yawan yaran da za ta iya ɗaukar nauyinsu sun rataya ne ga ƙarfin baitulmalinta, na Gumel kuwa ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da na Kano. Tsakanin Gumel da birnin Kano akwai wajen kilomita 120, kuma kafin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa Gagarawa wajen 1930, tafiya ce ta kwanaki.

Mai nema na farko

Tun kafin a ji labarin boko akwai masu neman ilmi a wannan ƙasa, da kuma hanyar ciyar da su. Kalmar ɗalibi daga Larabci ta ke, ma'anarta ta asali mai nema. Kalmar almajiri ita ma daga can ta zo, ma'anarta wanda ya yi ƙaura. Duka biyun suna nuna mutum ne wanda shi ke tashi ya tafi inda ilmi ya ke. Ƙasar Gumel tana kan hanyar Gabas, inda mahaddata suka fi yawa, saboda haka bayan kaka gardawa da ƙolawa su kan bi malaminsu zuwa tsangayun Haɗejiya da na Barno, su komo gida da damina ko kuwa su yi shekaru ba su komo ba.

Babu fom a wannan tsari, babu jarrabawar shiga. Uba ya kan kai ɗansa ga malami ya danƙa masa amana, shi ke nan. Abinci kuwa gari ne ke bayarwa: matan gida su zuba a ƙoƙon bara, manomi ya fid da zakka, iyayen yara su aiko da kuɗin Laraba, almajirai su yi wa malam noma. Ba a rubuta abin da aka ci, ba a kuma bin kowa bashinsa. Abin da a ke jira daga wanda ya sauke, shi ma wata rana ya zauna ya karantar da 'ya'yan wasu. Ko da ya ke tsarin yana da wahalarsa, wadda ta ƙaru ainun da birane suka cika, ya kamata a riƙe siffarsa a zuci: yaro ke nema, jama'a ke biya.

Zamanin kamu

Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fara makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun lardi da na elementare sannu a hankali. Kwalejin Katsina ta fara aiki cikin 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta cikin 1922, aikinta kuwa shi ne horon malamai. Wajen 1930 aka tsara matakan karatu: shekara huɗu a elementare, inda a ke koyarwa da Hausa, sa'an nan Midil a babban birnin lardi, inda Turanci ke shigowa sosai, sa'an nan Kwaleji ga 'yan kaɗan. Yaron ƙasar Gumel da ya yi fice a elementare Midil ta Kano a ke kai shi, wadda yau ita ce Kwalejin Rumfa. Kwalejin Katsina kuma ta koma Kaduna cikin 1938, ta sāke komawa Zariya cikin 1949, ita ce daga baya aka sa wa suna Barewa.

Talakawa ba su yi marhabin da wannan makaranta ba. Manomi yana ganin za a raba shi da mai taya shi aikin gona, malami yana tsoron a ɓata wa yaro addini. Sunan da aka ba abin ma ya isa shaida. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi ta fito, amma cikin 2013 Paul Newman ya kawo hujjojin da ke nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da a ke ɗora wa doki a ruɗi 'yan kallo. To, wanda ya ɗauki abu na bogi ba zai nema wa ɗansa shi ba.

Saboda haka sai neman ya fito daga sama. Sarki ya umarci hakimi ya kawo yara kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya aika gidajen da ya ga dama. Sananne ne a ko'ina cikin Arewa cewa akwai iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, ko suka tura su gabas karatun allo, ko suka kai wa mai gari gaisuwa don ya tsallake gidansu. Akwai kuma masu sarautar da suka hana nasu suka ba da 'ya'yan barorinsu. Har yau in tsoho ɗan boko yana ba da labarin kansa, ba ya cewa ya shiga makaranta, cewa ya ke an kama shi an sa shi. A nahawun wannan jimla yaron karɓau ne, aikin a kansa ya faɗa, wanda ya aikata kuwa an sakaya shi cikin "an".

Wanda ya kama shi ke biya. Daga harajin da jangalin da a ke tarawa, En'e tana riƙe kasonta a baitulmali, daga ciki ta ke gina aji, ta biya malami, ta sayi allo da littafi. Yaron da ya wuce Midil a makaranta ya ke kwana, a ba shi abinci da tufafi da sabulu da 'yan kwabban kashewa, in hutu ya zo a biya masa kuɗin jirgi ko na mota. Zuwa Kwaleji ma ba shi ke rubuta takardar roƙo ba. Malamansa da jami'in ilmi na lardi su ke duba jarrabawarsa da halinsa su aika da sunansa. In ya gama, aiki na jiransa, ko malanta ko akawu a ofishin En'e. Ashe dai jama'a ce har wa yau ke biya, sai dai yanzu ta hanyar haraji maimakon ƙoƙo, kuma ba da son ranta ba. 'Yan mata kuwa kusan ba su cikin lissafi: sai cikin 1930 aka buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina, su ma yawanci 'ya'yan fada ne.

Zamanin zaɓe da sukolashif

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sāke. Cikin 1945 gwamnati ta aika da malamai huɗu 'yan Arewa zuwa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar London, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekara ta zagayo aka aika da wasu, har da Malam Aminu Kano. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948 sai abin da a ke gudu ya fito fili, gama 'yan Arewa da suka cancanci shiga ba su taka kara sun karya ba. Ga mulkin kai yana ƙaratowa, ga ofisoshin Kaduna cike da Turawa da mutanen Kudu. Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta ɗauki manufar cika ofisoshin nan da 'yan ƙasa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da masu ilmi mai zurfi.

Cikin shekarun 1950 aka mai da makarantun Midil suka zama manyan firamare da sakandaren lardi, aka kafa hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, cikin 1952, aka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya a Zariya. Bayan rahoton hukumar Ashby na 1960 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki cikin Oktoba 1962, da reshenta a Kano, Kwalejin Abdullahi Bayero. A wannan zamani ne kalmar sukolashif ta zauna a bakin Hausawa, tare da 'yar'uwarta alawus. Hukumar ba da sukolashif ta Kaduna ta kan kira ɗalibi ta gana da shi, in ta yarda ta biya kuɗin makaranta da na abinci da na littattafai, shi kuma ya sa hannu a kan zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru. Fom ya shigo ke nan, amma cika shi bai zama abin fargaba ba, domin guraben sun fi masu cancanta yawa. Wanda duk ya ci jarrabawar fita da kyau, ya ƙara shekara biyu na share fagen jami'a, da wuya ya rasa mai ɗaukarsa. Abin da a ke faɗi a lokacin shi ne an zaɓe shi, ko an tura shi. Har yanzu yaron karɓau ne, amma aikatau ya yi taushi.

Ba Arewa kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A shekarar da aka buɗe jami'ar Zariya, watau 1962, Ingila ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta biyan kuɗin jami'a da na ci ga ɗalibansu. Masu mulki a wancan lokaci, nan da can, suna ganin ilmin mutum ɗaya jari ne na ƙasa duka.

Sai dai a lura da inda ƙuncin ya ke. Ga ɗan Sule Tankarkar ƙofar jami'a ba ita ce mai wuya ba, isa gare ta shi ne aiki. Makarantun firamare kaɗan ne a ƙasar, sakandare kuwa sai an tafi Kano ko Birnin Kudu ko Zariya. Mafi yawan yara ba su taɓa zama a aji ba, balle su kai inda a ke zaɓe.

Zamanin fom

Ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa, ƙasar Gumel ta faɗa cikin Jihar Kano, nauyin sukolashif ya tashi daga Kaduna ya koma Kano. Shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa shekarun kuɗin mai ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage don ta ƙara yawan 'yan Arewa masu shiga. Cikin 1976 aka fara shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, watau UPE, aka gina azuzuwa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin malamin boko ba. A shekarar nan kuma aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai a Gumel, wadda yau ita ce Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa. Wannan shi ne karo na farko da yaron masarautar zai iya yin karatun gaba da sakandare ba tare da ya bar ƙasarsu ba. Cikin 1977 Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, Jihar Kano kuma ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, inda a ke tattaro yara masu ƙwazo daga ko'ina cikin jihar.

Cikin 'yan shekarun nan ne ma'aunin ya juya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979. Talakawa sun yi murna, da dalilinsu, amma igiyar da ta ɗaure kuɗin manomi da karatun ɗan garinsu ta tsinke. Daga nan kuɗin ilmi daga asusun tarayya ya ke gangarowa, ya cika in mai ya yi tsada, ya ƙafe in ya faɗi. A ɗaya gefen, masu gama sakandare suka yi ta ƙaruwa har suka fi guraben yawa. Dā kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai wani ya sami gurbi uku wani bai sami ko ɗaya ba. Don a gyara wannan aka kafa hukumar JAMB cikin 1978, jarrabawa ɗaya ga ƙasa duka, cikin 1989 kuma aka ƙara mata kwalejojin fasaha da na ilmi.

Cikin Afrilu na 1978 ɗin nan aka ga alamar abin da ke tafe. Gwamnatin soja ta ɗauke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, amma ta ƙara kuɗin abinci da na ɗakin kwana. Ɗalibai suka yi bore suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina ciyar da ɗalibai a jami'a, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira, alawus ɗin da ke riƙe ɗalibi shekara guda ya koma ba ya kai shi wata biyu. Daga nan magana ta sāke: ya sayi fom, ya nemi gurbi, ya bi sawun sunansa. Yaron ya zama aikau, amma aikin da ya ke aikatawa roƙo ne.

Bayan kafa Jigawa

An kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, da hedkwata a Dutse, ta kuma kafa tata hukumar sukolashif. Ta yi shekara ashirin ba ta da jami'a a cikinta, 'ya'yanta suna dogara ga Kano da Zariya da Maiduguri, sai cikin 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, cikin 2013 kuma jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda aka sa wa sunan Sule Lamido. Jigawa tana cikin jihohin da a ke lissafawa an bar su baya a ilmin zamani. A ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na irin waɗannan jihohi. Gwamnatocin jihar kuma sun sha aika ɗalibai ƙasashen waje koyon aikin likita, kamar Sin da Sudan, da sharaɗin su komo su yi wa jihar aiki. A nan tsohon tsarin Kaduna bai mutu ba, amma kaɗan ne ke shiga inuwarsa.

Ga sauran, ga abin da ke gabansu. Dole yaro ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar WAEC ko ta NECO, wadda ta fara cikin 2000, Turanci da Lissafi suna ciki ga yawancin fannoni. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta a ke yin ta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In sunansa ko ranar haihuwarsa ta saɓa tsakanin takarda da takarda, abin da ke yawan faruwa ga wanda aka haifa a gida ba a rubuta ba, sai ya yi ta zirga-zirgar gyara. In ya ci, jami'ar da ya zaɓa ta sāke tantance shi, sa'an nan ya shiga shafin JAMB ya amsa gurbin da aka ba shi kafin lokaci ya ƙure. Bayan wannan duka ya nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, wadda ba ta samuwa sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida shi. Abin lura ne cewa sarautar da dā ta ke aikawa a kamo yaro, yau ƙofarta yaron ke zuwa ya durƙusa a sa masa hannu.

Kowane mataki cikin waɗannan yana cin kuɗi: na fom, na hoto, na mai buga kwamfuta, na mota zuwa garin da cibiyar jarrabawa ta ke, wani lokaci da na kwana. Ɗan birni da ya saba da waya da intanet, wanda kuma yayansa ya riga shi bin hanyar, ba ya jin nauyinsu kamar ɗan Jeke ko Danzomo wanda shi ne na fari a gidansu. Sau da yawa tunkiyar uwa ko buhun riɗin uba ke tafiya Maigatari kafin a kai ƙarshe. Yarinya kuwa tana da ƙarin shinge, domin tafiyar kwana zuwa wani gari sai da yardar gida da mai rakiya, ga kuma zancen aure yana jiranta a daidai waɗannan shekaru.

Zamanin bashi

Ba yau aka fara ba ɗalibai rance a Nijeriya ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar rancen ɗalibai cikin 1972, ta durƙushe saboda waɗanda suka karɓa ba su biya ba. Cikin 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilmi, bai kuwa yi wani aikin kirki ba. Cikin 2023, shekarar da aka cire tallafin mai, jami'o'in tarayya da yawa kuma suka ninka kuɗin rajista, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a wata sabuwar doka ranar 12 ga Yuni. Sharuɗanta sun yi tsauri, har da kawo masu tsaya wa ɗalibi, saboda haka aka soke ta aka yi wata cikin Afrilu 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu ranar 24 ga Mayu na shekarar. Yadda aka fara shi, asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ci, babu kuɗin ruwa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Rashin kuɗin ruwan nan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Musulmi irin Gumel, gama da akwai shi da iyaye da yawa sun hana. Ingila ma, wadda ta yi dokar 1962, ta bi wannan hanya tun tuni: ta fara rancen ɗalibai cikin 1990, ta sa kuɗin koyarwa cikin 1998.

Hausa tana da kalmomi dabam-dabam a wannan fage, kowace da nauyinta. Aro shi ne a karɓi abu a mai da shi shi kansa. Rance a karɓi kuɗi ko hatsi a mai da kwatankwacinsa. Lamuni daga Larabci ya ke, daga tushen da ke nufin tsaya wa wani, da irin canjin sautin da ya ba da alƙali da lamiri. Tallafi kuwa daga tallafa, watau a sa hannu a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, ba a kuma biyansa. Masu watsa labarai su kan ce lamunin karatu ko tallafin karatu, amma a zaure bashi a ke cewa, kalmar da manomi ya sani tun zamanin da a ke cin bashin hatsi da bazara a biya da kaka. Malamin da zai yi wa iyaye bayani wajibi ne ya zaɓi kalma da gaskiya. In ya ce tallafi ya ruɗe su, in ya ce bashi ya yi shiru ya tsorata su. Sai ya ce bashi ne, sa'an nan ya faɗi yadda a ke biyansa da lokacin da a ke fara biya.

Abin da ya rage ga malamai

In an jera maganganun nan, an kama shi, an zaɓe shi, ya nema, ya ci bashi, za a ga tarihin shekara ɗari da 'yan kai cikin jimloli huɗu. Ɗalibin Sule Tankarkar ya komo inda almajiri ya fara, shi ke tashi ya nemi ilmi, sai dai ƙoƙon da gari ke cikawa ba ya hannunsa. Ba daidai ba ne a yi ta begen zamanin kamu, domin wancan tsari ya iya ciyar da yaransa ne saboda kaɗan ne, sauran dubbai an bar su a gona, mata kuma an bar su a gida. Yau masu zuwa makaranta sun fi na kowane zamani yawa, wannan kuwa ci gaba ne na gaske.

Amma akwai aiki ɗaya da tsohon tsari ke yi wanda sabon bai ɗora wa kowa ba. A dā malami ne ke gane yaro mai ƙwazo, ya rubuta sunansa, ya bi takardarsa har ta isa. Yau ba a hana malami yin haka ba, ba a kuma umarce shi ba, kwalejojin horon malamai ma ba safai su ke koyar da shi ba. Malamin sakandaren ƙauye da ya duba takardun ɗalibansa tun suna aji huɗu ya ga sunayensu sun dace da juna, ya zaunar da su gaban kwamfuta kafin ranar jarrabawa, ya san watan da a ke sayar da fom da ranar da a ke rufewa, ya kuma je zaure ya yi wa uba bayanin bashi da sukolashif da harshen da ya ke ji, ya ɗauke wa yaro rabin wahalar da aka lissafa a sama ba tare da ya kashe kwabo ba. Kwalejin Gumel da takwarorinta su ke fitar da malaman da za su koma Danladi da Jeke da Danzomo, ya kamata kuwa wannan darasi ya shiga cikin abin da za su tafi da shi.